Wasa da Tsoro

Tsoro halitta ne. Allah ya dasa shi a zuciyar kowane mai rai domin ya tsare kansa daga halaka. Gada ta kan ji motsin ganye ta zabura, ɗan tsako ya kan ga inuwar shirwa ya ruga ƙarƙashin uwarsa, ɗan Adam kuwa ya kan ji kukan kura da dare ya jawo ƙyaure. Babu mai hankalin da zai ce wannan aibi ne. Amma akwai wani hali da mutum ya keɓanta da shi, wanda ba a samunsa ga dabba. Shi kaɗai ne ya kan tashi da ƙafarsa ya tafi neman tsoro, har ya biya kuɗi a tsorata shi. Ba a taɓa ganin gada ta je kallon damisa ba, amma ranar da gardi ya shigo kasuwa da kurarsa, sai a ga yaro da babba sun bar ciniki sun kewaye shi.

A zamanin nan neman tsoro ya sami sabuwar hanya. Wayar hannu ta bazu ko'ina, har ta kai garuruwa da ƙauyukan ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, ta zo kuma da wasanni iri iri a cikinta. Masu cajin waya a kasuwa da tasha su kan tura wa mutum abin da ya ke so, samari kuma su kan tura wa juna. Daga cikin wasannin nan akwai wani iri wanda ba a ƙago shi don kome ba sai don ya tsorata mai yinsa. Uba ya kan tarar da ɗansa a zaure ya ƙura wa waya ido, gumi na keto masa, jim kaɗan ya zabura kamar wanda kunama ta harba, sa'an nan ya yi dariya ya koma ciki. To, shin daidai ne mutum ya yi wasa da tsoro? Me wasan ya ke ƙara wa mai yinsa, me kuma ya ke rage masa? Tambayar nan ta fi nauyi a gabashin Sakkwato bisa ga wurare da yawa, domin a can tsoro ba labarin nesa ba ne.

Yadda Wasan Ya Ke

Ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi. Irin wannan wasa ya daɗe a ƙasashen waje. A shekarar 1992 wani kamfani a Faransa mai suna Infogrames ya fitar da wasan kwamfuta da a ke kira Alone in the Dark, watau kaɗaici cikin duhu. A cikinsa mutum ya kan shiga wani tsohon gida wanda mai shi ya mutu, ƙofa ta rufe, ya zama tilas ya nemi hanyar fita. A 1996 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Resident Evil, inda a ke ba mai wasa bindiga amma a ƙayyade masa harsashi, yadda in ya yi ɓarna da shi zai rasa na kare kansa gaba. A 2010 kuwa kamfanin Frictional Games na Suwidin ya fitar da Amnesia, wanda a cikinsa babu makami ko kaɗan, sai fitila mai cin mai, man kuma ƙarewa ya ke yi. Dabarar duka ɗaya ce: a raunana mai wasa, a tsare shi wuri mai duhu, a sa wani abu ya riƙa farautarsa.

Waɗancan suna bukatar kwamfuta ko akwatin wasa mai tsada. Wanda ya fi sauƙin isa hannun talaka shi ne wani mai suna Granny, watau Kaka da Turanci, wanda wani mai laƙabin DVloper ya fitar a kan wayar hannu a 2017, ya kuma fitar da shi a kan kwamfuta a 2018. An sauko da shi a wayoyi fiye da sau miliyan 100 a duniya, ba ya kuma bukatar intanet in ya riga ya shiga waya. Shi ya fi dacewa a auna, domin abin da aka gani a cikinsa za a same shi cikin yawancin 'yan'uwansa.

Ga yadda ya ke. Mai wasa ya kan farka a kan gado cikin wani gidan katako mai bene, yana ganin kome kamar da idonsa. Ƙofar fita tana garƙame da kwado da katakai da wayoyin lantarki. Sai ya bi ɗaki ɗaki yana neman mabuɗi, da gudumar ɓamɓare katakai, da filayar yanke waya. Ba ya iya riƙon abu fiye da guda a hannu, kayan kuma ba kullum su ke wuri ɗaya ba. Cikin gidan akwai wata tsohuwa mai mugun kama, riƙe da kulki, mai kunnen tsiya. In abu ya suɓuce ya faɗi, ko katakon daɓe ya yi ƙara, sai ta nufo wurin. Mai wasa yana iya ɓuya ƙarƙashin gado ko cikin kabad har ta wuce. Tana kuma ɗana tarko a hanya. In ta cim masa ta buge shi, sai ya suma, ya farka washegari a kan gadon nan. Kwana 5 ya ke da su. In na biyar ya wuce bai fita ba, ya halaka.

Tsoron da Aka Gada

Wanda ya ji wannan bayani zai ga kamar ya san labarin. Ai kuwa ya san shi, domin Hausawa sun daɗe suna wasa da tsoro. Tatsuniya, wadda mutanen yamma su kan ce wa gatana, cike ta ke da Dodo mai cin mutane, da gidan da a ke shiga ba a fita, da yarinyar da ta ƙi samarin garinsu duka ta auri baƙo kyakkyawa, ashe Dodo ne ya ari jikin mutane. Yara su kan matsu jikin juna suna saurare, gabansu na faɗuwa, amma gobe su ne za su roƙa a sake musu. Haka kuma kallon kura da na macizai.

Ba Hausawa kaɗai ba. Wani masanin Girka mai suna Aristotal, wanda ya rayu fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya yi nazarin wasannin kwaikwayo na baƙin ciki da a ke yi a ƙasarsu. Ra'ayinsa shi ne, irin wasan nan ya kan motsa tausayi da tsoro a zuciyar mai kallo, sa'an nan ya wanke ta, mutum ya koma gida da sauƙin rai. Watau son a tsorata mutum cikin aminci tsohon hali ne na 'yan Adam, ba waya ce ta kawo shi ba.

Sai dai magabata ba su saki abin haka kawai ba, sun yi masa iyaka. Tatsuniya tana da lokacinta, da dare bayan an gama aiki an ci tuwo, manya kuwa su kan hana yin ta da rana. Tana da mai ba da ita, kaka ko gwaggo ko babbar ya, wadda ta san yaran ɗaya ɗaya. Tana da ƙarshe, domin in aka ce ƙurunƙus Dodo ya tafi ke nan, kowa ya je ya kwanta. Tana kuma da darasi. Kurar gardi ma ba a sake ta ke ba, da takunkumi a bakinta da sarƙa a wuyanta. Jama'a suna jin tsoro, amma sun san akwai mai riƙe da sarƙar. Waɗannan iyakoki su ne ma'aunin da ya kamata a ɗora sabon wasan a kai.

Abin Kirkin da ke Cikinsa

Gaskiya ita ce wasan yana da abin yabo, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. Na farko, yana koya wa mutum yin tunani alhali gabansa na faɗuwa. In mutum ya tsorata, wasu 'yan ƙululu biyu da ke bisa ƙodarsa su kan zubo wani sinadari cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jiki ya shirya wa gudu ko faɗa. Wani likitan Amurka mai suna Walter Cannon ya bayyana wannan a 1915. Shirin nan yana da amfani in zaki ne ya taso, amma sau da yawa shi ne ya kan sa mutum ya ruɗe ya yi wauta. A cikin wasan, wanda ya ruɗe ya ruga a guje shi tsohuwa ke kamawa. Wanda ya danne zuciyarsa ya tuna inda kabad ya ke shi ke tsira.

Na biyu, ƙarfi ba ya cin wasan. Akwai wasanni da yawa waɗanda ba abin da a ke yi cikinsu sai harbi, wanda ya fi kisa shi ne gwani. Nan ba haka ba ne. Ko mai wasa ya sami makami a gidan, ba ya kashe tsohuwar, sai dai ya sumar da ita ɗan lokaci ta sake tashi. Abin da ke fid da mutum shi ne sanɗa, da kasa kunne, da jira. Halin maharbi ke nan a bakin tafki. A wajen nan wasan ya yi kama da tatsuniyoyin da ƙaramin abu ke kuɓuta daga babba da dabara, ya kuma gaskata maganar mutane cewa mai haƙuri ya kan dafa dutse.

Na uku, yana wasa ƙwaƙwalwa. Tun da ba a riƙon abu biyu, dole mutum ya tuna inda ya ga guduma da inda ya bar mabuɗi, ya shirya abin da zai fara ɗauka da hanyar da zai bi. Wannan lissafi ne, irin wanda mai dara ya kan yi kafin ya ɗaga ɗa.

Na huɗu, mai wasa yana da hannu cikin abin da ya same shi. Mai kallon sinima zaune kawai ya ke, kome ya faru ba laifinsa ba ne. Nan kuwa in tsohuwa ta zo, shi ya kira ta da sakacinsa. Ya ga sakamakon gangancinsa nan take, ba shi da wanda zai ɗora wa. Ta fuskar gwaninta kuma a yaba wa mai ƙagowa, domin ya gane cewa abin da kunne ya ji ido bai gani ba ya fi ban tsoro. Takun ƙafa a saman bene ya fi fuskar tsohuwar kanta razanarwa. Duk mai ba da tatsuniya ya san wannan, shi ya sa ba a cika faɗin kamannin Dodo ba, sai dai a ce an ji gurnaninsa.

Aibinsa

Amma zuma da zaƙi da harbi. Aibi na farko shi ne wasan ba shi da labarin kirki. Ba a gaya wa mai wasa laifin da ya yi aka kulle shi ba. Yarinyar tatsuniya girman kai ne ya kai ta gidan Dodo, mai sauraro kuma ya kan tashi da sanin cewa ƙyale-ƙyalen baƙo ba abin dogara ba ne. Wanda ya fita daga gidan Granny kuwa bai fito da kome ba sai sanin inda a ke ɓoye mabuɗi. Saboda rashin labarin nan, tsoron ba ya daɗewa. Ran farko gumi, ran goma hamma. Da masu yin irin wasannin nan suka ga sabo yana kashe tsoro, sai su kan ƙara yaji. Kashi na biyu na Granny ya fito a 2019 da ƙarin wani tsoho mai farauta tare da ita, na uku ya biyo a 2021. Wasu wasannin kuwa jini da gunduwa-gunduwar gawa su ke ƙarawa. Harshen da ya saba da barkono kullum ƙari ya ke nema.

Aibi na biyu yana cikin sunan wasan kansa. A gidan Bahaushe kaka ita ce mafakar yaro. Ita ce abokiyar wasansa, ɗakinta ya kan ruga in uwa ta ɗauko bulala, ita ce ke ɓoye masa ƙanzo, ita ce kuma mai ba da labarin Dodo. Wasan nan ya ɗauki mai ba da labarin ya mai da ita Dodon. Wani zai ce ai ko tatsuniya tana da muguwar tsohuwa. Gaskiya ne, amma daga bakin tsohuwar kirki yaro ke jin labarinta, yana jingine da ƙafarta, saboda haka ba ya ruɗewa. Ba ƙaramin abu ba ne a saba wa yaro ganin furfura da tanƙwararren baya su zama alamar mugunta, musamman a ƙasar da har yanzu a kan sami inda a ke jifar tsohuwa marar gata da zargin maita.

Aibi na uku kaɗaici ne. Mai ba da tatsuniya tana duban fuskokin yara. In ta ga ƙaramin cikinsu ya fara rawar leɓe, sai ta sassauta, ta sako Gizo a yi dariya. Waya ba ta da ido, ba ta da tausayi. Abin da ta nuna wa ɗan shekara 20 shi za ta nuna wa ɗan shekara 6. Yaro ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya shige lungu shi kaɗai, in ya firgita babu ƙafar da zai jingina da ita. Wasan kuma ba shi da ƙurunƙus. Yana ƙarewa sai ya ce a sake.

Aibi na huɗu shi ne mutuwa ta yi araha a cikinsa. An buge mutum ya farka, an kashe shi ya taɓa gilashin waya ya dawo. Babba ya san wannan ƙarya ce. Amma abin da a ke maimaita wa zuciya dare da rana ya kan bar mata tabo, ko da hankali bai yarda da shi ba.

Aibi na biyar cin lokaci da dukiya. Ana cewa wasan kyauta ne, amma tsakanin zagaye da zagaye a kan cusa talla, mai wasan kuma daga nan ya ke samun kuɗi. Yaro shi ke biyan caji, shi ke asarar barci, wani can a ƙetaren teku shi ke cin riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙasar Wurno da Goronyo ƙasar noman rani ce. Madatsar ruwan Goronyo da aka gama ginawa a kan Gulbin Rima a 1984 tana shayar da gonakin shinkafa da albasa da tafarnuwa, kuma duk manomi ya san albasa ba ta jiran wanda ya makara. Saurayin da ya raba dare yana ɓuya wa tsohuwar waya ba zai iya ban ruwa da asuba ba. Abin ya kan wuce nan ga wasu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin nan cikin jerin cututtuka, watau idan mutum ya kasa kame kansa, ya fifita wasa bisa sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, har abin ya kai kamar wata 12. Hukumar ta bayyana cewa kaɗan ne daga masu wasa ke kaiwa haka, amma rigakafi ya fi magani.

Inda Tsoro Ba Wasa Ba Ne

Duk abin da aka faɗa zai yi daidai a kowace ƙasa. Amma akwai abin da ya keɓanci gabashin Sakkwato. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka auka wa ƙauyen Tabanni da na kewayensa a ƙasar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana tsakiyar ci, gwamnatin jihar ta ce mutum 43 suka rasu. Tsakanin waɗannan da bayansu an yi wasu da yawa. A ƙasar nan akwai yaran da suka taɓa kwanciya ƙarƙashin gado da gaske, ko cikin gero, suna riƙe numfashi, suna jin takun ƙafa a waje. Su ba a ba su kwana 5 ba, waɗanda suka rasa kuma ba su farka washegari ba.

Wajibi ne a yi adalci a nan. Ba wasan waya ne ya kawo 'yan bindiga ba. Tushen wannan masifa yana wajen rikicin gona da kiwo, da satar shanu, da zalunci, da talauci, da yawan makamai. Wanda ya ɗora laifin a kan waya ya bar jaki yana dukan taiki. Har ma mai yiwuwa ne wani saurayi ya sami sauƙi cikin wasan, domin a rayuwarsa akwai tsoron da ba shi da ikon kashewa, ga kuwa wani a tafin hannunsa wanda in ya ga dama zai kashe ya sa aljihu. Ba a zarge shi da wannan ba.

Amma akwai hakki biyu da ya rataya a wuyan mai wasa. Na ɗaya hakkin wanda aka riga aka raunana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaron da ya zo gudun hijira, abin da ya ke nishaɗi ga abokinsa a gare shi tonon miki ne. Miƙa masa irin wayar nan don a ga ya zabura a yi dariya mugunta ce, ko da mai yi bai nufa ba. Na biyu hakkin matattu da danginsu. Wayar da ke ɗauke da wasan ita ce kuma a kan turo wa hotunan waɗanda aka kashe. In ido ya saba ganin jini don nishaɗi, akwai haɗarin ya kalli gawar maƙwabci da irin kallon nan, ya tura wa na gaba kamar wani abin mamaki, ya mance ɗan wani ne, uban wasu ne. Duk wanda ya ji zuciyarsa ta fara daina girgiza da irin wannan, to, lokacin ajiye wasan ya yi.

Wane Tsoro Ne Mai Amfani?

Malamai sun daɗe da amsa wannan. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta tsoro da bulala. In ta yi rauni ba ta kora dabba gaba, in ta yi yawa ta kan karya ta, mai amfani ita ce matsakaiciya wadda ke sa a yi tafiya. Ko da ya ke a kan tsoron Allah ya ke magana, ma'aunin ya dace da kowane tsoro: ana gane kirkinsa da aikin da ya haifar. Jaruntaka kuwa ba rashin tsoro ba ce. Tana tsakanin ragwanci da ganganci.

Mutanen Wurno ba su bukatar a kai su nesa neman misali. Garinsu ribaɗi ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa shi domin tsaron iyaka, ya zauna cikinsa, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa ya ke. Wanda ya kafa ribaɗi ya san akwai abin tsoro, bai kuwa yi musun haka ba. Amma tsoron nan bai zauna cikin ciki yana cin mai shi ba. Ya zama ganuwa, ya zama masu tsaro da ke kwana ido biyu domin wasu su yi barci, ya zama gonaki da makarantu a bayan ganuwar. Tsoro ne da ya tara mutane wuri ɗaya. Tsoron waya kuwa, in an bar shi ba linzami, raba mutum ya ke yi da jama'a, ya kai shi lungu, sa'an nan ya bar shi hannu wofi.

Wannan ba ya nufin wasa abin kunya ne. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah, sananne ne da son wasan nan na buga 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda ya koya a Kwalejin Katsina, bai kuwa bar shi ba har yana Firimiyan Jihar Arewa. Wasan bai hana shi aiki ba, domin ya san lokacinsa. Zuciya tana gajiya kamar jiki, tana kuma bukatar hutu.

Abin da Ya Kamata

Hukuncin da hankali zai kai gare shi shi ne, wasan tsoro ba alheri ne zalla ba, ba kuma sharri ne zalla ba. Kura ce aka kawo gida ba takunkumi, domin mai sayarwa bai haɗo da shi ba. Aikin iyaye ne su ɗaura mata. Hani da duka kaɗai ba su isa ba, yaro zai koma yi a ɓoye, nan kuwa aibin ya fi yawa.

Iyakokin da magabata suka yi wa tatsuniya su ne za a mayar. A ba wasan lokaci sananne, bayan aiki da karatu, ba kuma dab da barci ba. A yi shi cikin mutane, a tsakar gida ko zaure, inda in an firgita za a yi dariya tare. A hana wa ƙananan yara shi ɗungum. A shafin da a ke sauko da wasanni a kan rubuta shekarun da kowane ya dace da su, uban da ya iya karatu sai ya duba da kansa kafin ya yarda. A kiyaye shi daga duk wanda aka san ya ga tashin hankali da idonsa. In yaro ya fara firgita cikin barci, ko ya ƙi aike bayan magariba, ko ya riƙa fushi in an karɓi waya, jiki magayi ne, sai a dakatar.

Akwai kuma wata dabara mai sauƙi wadda ba ta cin ko kwabo. In yaro ya gama, a ce ya ba da labarin abin da ya gani: ina ya ɓuya, wane kuskure ya yi, me zai sake in ya koma. A sa kakarsa ta ji, ita ma ta ba shi nata na Dodo, a gwada wanda ya fi. Ta haka darasin da wasan ya rasa za a samo shi a bakin mutane, yaro kuma ya san wace ce kaka ta gaske.

Saurayin da ya mallaki hankalinsa kuwa shi zai yi wa kansa hisabi. In ya ajiye waya ya ga ya fi natsuwa, barcinsa lafiya, gonarsa ba ta sha ƙishirwa ba, zuciyarsa kuma tana nan da taushinta ga masu makoki, to, ya yi wasa, babu laifi. In kuwa ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya ragu, ya sani an ci shi, ko da ya buɗe ƙofar gidan tsohuwa sau ɗari.